Barin Shan Taba: Wahalarsa Da Ladansa

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya ba mu rai da jiki amana, Ya kuma hore mana hankali domin mu rarrabe abin da ke amfaninmu da abin da ke cutar da mu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako a kan barin shan taba sigari ne. An sha yin wa'azi a kan illar taba, har ma ana iya cewa mashayinta ya fi mai wa'azin sanin illarta, tun da shi ne ke kwana yana tari, shi ne kuma ke haki in ya hau bene. Abin da ba a cika yin bayaninsa ba shi ne halin da mutum ke shiga daga ranar da ya ce ya bari: mene ne zai same shi, har tsawon wane lokaci, kuma me zai samu in ya jure. Mutane da yawa sun yi niyya ta gaskiya, amma suka koma bayan kwana biyu ko uku, saboda wahalar ta zo musu ba shiri, suka zaci haka za ta ɗore har abada. To, wahalar tana nan, amma tana da iyaka sananniya, ladan kuwa ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba.

Matsayin malamai

Taba ba ta kasance a zamanin Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ba, balle a sami nassi da ya ambace ta da sunanta. Asalinta tsiro ne na nahiyar Amurka, Turawa suka kawo ta bayan tafiyar Kolombus ta shekarar 1492, ba ta kuwa yaɗu a ƙasashen Musulmi ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16, watau daidai da shekara ta 1000 bayan Hijira. Da ta bayyana sai malamai suka saɓa a kanta, har a cikin mazhabarmu ta Malikiyya. Shehu Ahmad Baba na Timbuktu, wanda ya rasu a 1627, da Shehu Aliyu al-Ajhuri na Masar, wanda ya rasu a 1656, sun tafi a kan halascinta, domin sun ga ba ta gusar da hankali kamar giya. Shehu Ibrahim al-Laƙƙani kuwa, shi ma malamin Masar, wanda ya rasu a 1631, ya yi wa 'yan'uwa nasiha da su nisance ta. Nan kusa da mu, a ƙasar Bagarmi da ke cikin Cadi ta yau, Shehu Muhammad al-Wali ya wallafa littafi a ƙarni na 17 yana kafa hujja a kan haramcinta.

Wajibi ne mu yi wa waɗanda suka halatta adalci. Sun yi fatawa ne gwargwadon abin da aka sani a zamaninsu, kuma sun gina halascin a kan cewa cutarwarta ba ta tabbata ba. Sai a shekarar 1950 masu bincike biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka buga bincikensu da ya nuna alaƙar sigari da sankarar huhu, a 1964 kuma babban jami'in lafiya na Amurka ya fitar da rahoton da ya tabbatar da haka. Yau an san cewa hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu suna haddasa sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 a kowace shekara, cikinsu har da fiye da miliyan 1 waɗanda ba su taɓa sa ta a baki ba, hayaƙin wasu kawai suke shaƙa.

Ƙa'ida ce a wurin malaman Usulu cewa hukunci yana tafiya ne tare da dalilinsa. Da cutarwa ta tabbata, sai taba ta shiga ƙarƙashin hanin da ke cikin Suratul Baƙara aya ta 195 game da jefa kai cikin halaka, da hanin almubazzaranci da ke cikin Suratul Isra'i aya ta 26 da 27, da kuma hadisin da Imam Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa wanda ya hana mutum ya cutar da kansa ko waninsa. Saboda haka ne Shehu Nasr Farid Wasil, a lokacin da yake Muftin Masar, ya yi fatawar haramcinta, ƙungiyar Muhammadiyya ta ƙasar Indunusiya ta yi irin tata a 2010, kuma a kan wannan ne mafi yawan malaman wannan zamani suke. Hukuncin ya haɗa da shisha da ta zama yayi a tsakanin samari da 'yammata, domin ruwan da hayaƙin ke ratsawa ba ya tace gubarsa.

Abin da ya sa barin ke da wuya

Sau da yawa akan ji mutum yana cewa da mashayi, "Ai in ka ga dama yau ɗin nan sai ka bari." Mai wannan magana bai san turken da ɗan'uwansa ke ɗaure a jiki ba. Turken kuwa iri biyu ne.

Na farko yana cikin jiki. A cikin ganyen taba akwai wani sinadari da ake kira nikotin, wanda ke isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi kaɗan bayan an zuƙi hayaƙi. Da ya isa sai ya sa mutum ya ji wani ɗan daɗi da natsuwa. In an daɗe ana haka, sai ƙwaƙwalwa ta saba, ta koma ba ta jin daidai sai da shi. Bayan sa'a ɗaya ko biyu, in nikotin ya ragu a cikin jini, sai ƙunci ya taso, mutum ya kunna wani kara, ƙuncin ya lafa, shi kuwa ya ce taba ce ke kwantar masa da hankali. Alhali kuwa ita ce ta ta da hankalin tun farko, kamar wanda ya cinna wa rumfarka wuta sa'an nan ya zo yana sayar maka da ruwa.

Na biyu yana cikin al'ada. Hausawa na cewa sabo turken wawa. Wanda ya shekara 20 yana kunna sigari bayan cin abinci, da wurin mai shayi, da majalisar hira bayan Isha'i, da lokacin da ransa ya ɓaci, to, kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokatai ya zama mai kiransa zuwa gare ta. Ko da nikotin ya fita daga jiki sarai, ƙamshin shayi kaɗai ya isa ya tuna masa.

Musulunci bai raina irin wannan ɗauri ba. Ku dubi yadda aka hana giya daki-daki: aka fara da bayyana cewa zunubinta ya fi amfaninta a Suratul Baƙara aya ta 219, sa'an nan aka hana kusantar salla cikin maye a Suratun Nisa'i aya ta 43, kana aka yanke haramci a Suratul Ma'ida aya ta 90. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha (Allah Ya yarda da ita) bayanin cewa da hanin giya ne ya fara sauka, da mutane sun ce ba za su iya bari ba, sai da imani ya zauna a zukata tukuna. Haramcin giya ya riga ya tabbata, babu sauran daki-daki a cikinsa, amma darasin da ke ciki yana nan: Wanda Ya halicci ɗan Adam Ya san ƙarfin sabo a kansa, kuma gyara yana farawa ne daga zuciya.

Matakai uku na rai

Alƙur'ani mai girma ya siffanta ran ɗan Adam da siffofi uku, kuma duk mai barin taba zai ratsa ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko shi ne rai mai yawan umurni da mummuna, wanda aka ambata a Suratu Yusuf aya ta 53. Kalmar ammara a Larabci tana kan ma'aunin da ke nuna yawaita aiki da nanata shi, watau ba sau ɗaya yake umurnin ba. Haka mai bari zai ji a kwanakin farko. Zai yi saurin fushi, barci ya ƙi zuwa, hankali ya ƙi tsayawa a kan aiki, kai ya yi nauyi, yunwa ta ƙaru, wani ma tarinsa ya ɗan tsananta saboda huhu ya fara fitar da dattin da ya tara. Wannan hali yakan kai ƙololuwa a rana ta biyu zuwa ta uku, sa'an nan ya riƙa sauka, mafi yawansa ya wuce cikin mako 2 zuwa 4. Ita kuwa sha'awar nan mai taso wa mutum kamar za ta tsaga ƙirji, 'yan mintoci kaɗan take yi ta lafa, ko an sha ko ba a sha ba. Duk wanda ya riƙe wannan ya sami babban makami, domin yaƙin nasa ya koma na mintoci: ya ci wannan, ya jira na gaba.

Mataki na biyu shi ne rai mai yawan zargi, wanda Allah Ya rantse da shi a farkon Suratul Ƙiyama. A nan jiki ya huta, amma zuciya na kai da kawowa. A nan ne Shaiɗan ke zuwa da shawarar "kara ɗaya kawai", a ranar biki ko ranar baƙin ciki. Kara ɗayan nan shi ne ya mai da mutane da yawa inda suka fito bayan watanni, domin ƙwaƙwalwar da ta taɓa sabawa da nikotin ba ta mantuwa da shi.

Mataki na uku shi ne rai mai natsuwa, wanda aka yi wa kira mai daɗi a ƙarshen Suratul Fajri. Wannan shi ne ranar da mutum zai wuce ta gaban mai tireda, ya ga kwalaye a jere, zuciyarsa ba ta ko motsa ba.

Abin da ke kai mutum daga mataki na farko zuwa na uku shi ne haƙuri. Asalin kalmar sabr a Larabci shi ne tsarewa da ɗaurewa. Mai haƙuri shi ne wanda ya ɗaure ransa a kan abin da ya kamata, ashe ke nan mai barin taba yana sauya turke ne: da taba ce ta ɗaure shi, yanzu shi ne ya ɗaure ransa.

Yadda za a yi shiri

Da farko a gyara niyya. Wanda ya bari don tsoron likita ya sami lafiya, wanda kuwa ya bari don Allah ya sami lafiya da lada gaba ɗaya, kowace sha'awa da ya danne an rubuta masa ita a cikin haƙuri.

Na biyu, a sa rana, kada a ce "wata rana". Babu lokacin da ya fi watan Ramadan dacewa. Malamai sun haɗu a kan cewa shan taba na karya azumi, saboda haka mashayi Musulmi a ƙasarmu yakan yi sa'a 13 zuwa 14 kullum bai sha ba, har kwana 29 ko 30, ba don ɗan sanda na tsaye a kansa ba. Wannan hujja ce a kansa cewa yana iyawa. Abin takaici shi ne wanda zai yi buɗa-baki da dabino, kafin a ta da sallar Magariba ya kewaya bayan gida ya kunna. Da zai haɗa daren da yinin, da ya fito daga watan ya riga ya wuce mafi tsananin wahalar. In Ramadan ya yi nisa, kada a jira shi. Azumin Litinin da Alhamis ma makaranta ce.

Na uku, a fitar da taba daga gida da aljihu da mota, a bar majalisar da ake shanta ko da na wata biyu ne. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Bukhari da Muslim sun ruwaito misalin da Manzon Allah ya buga na abokin kirki da mai sayar da turare, abokin banza kuma da mai zuga wutar maƙera, wanda in bai ƙona maka tufa ba, ka ɗebi warin hayaƙinsa.

Na huɗu, a tanadi abin yi na mintocin da sha'awa ke tasowa. A sha ruwa, a yi alwala, a sa aswaki a baki, a riƙe carbi a hannun da ya saba riƙe kara, a tashi a taka ƙafa. A kula kada a gudu daga sigari a faɗa taba gari ko shisha, domin duk gida ɗaya ne.

Na biyar, a nemi taimakon likita ba tare da jin kunya ba. Akwai cingam da filasta masu ɗauke da nikotin kaɗan waɗanda ake ragewa sannu a hankali, akwai kuma ƙwayoyin da likita ke rubutawa don rage sha'awar. An tabbatar da cewa wanda ya haɗa magani da shawarar ma'aikatan lafiya ya fi samun nasara bisa wanda ya dogara da ƙarfin zuciyarsa kaɗai. Neman magani ba ya kore tawakkali.

In an faɗi fa?

Mafi yawan waɗanda suka rabu da taba har abada sai da suka gwada fiye da sau ɗaya. Saboda haka wanda ya koma bayan mako uku kada ya ce shi ke nan, an ƙaddara masa. Ma'anar tauba a Larabci ita ce komowa, kuma ƙofarta ba ta da adadin shiga. Ya duba abin da ya kayar da shi, ko aboki ne, ko fushi, ko zaman banza, ya toshe wannan kafa, ya sake sa rana.

A nan akwai magana ga iyaye da mata da abokai. Bukhari ya ruwaito labarin wani mutum da aka sha kawo shi gaban Manzon Allah saboda shan giya, har wani daga cikin jama'a ya la'ance shi. Sai Manzon Allah ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin nan yana son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar ya hana a zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwa. In haka aka yi da mai shan giya, ina ga wanda ke fama don ya rabu da sigari? Uwargida, in maigida ya bari, ki yi haƙuri da faɗansa na makon farko, ciwon rabuwa ne, zai wuce. Aboki, kada ka miƙa masa kara don gwaji, kada kuma ka yi masa dariya in ya faɗi. Gori bai taɓa raba kowa da taba ba.

Ladan bari

Imam Ahmad ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa duk wanda ya bar wani abu saboda Allah, Allah zai musanya masa da abin da ya fi shi. A sha'anin taba, musanyar tana farawa tun a ranar farko. Bisa bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin minti 20 bugun zuciya da hawan jini suna sauka. Cikin sa'a 12 iskar guba ta kabon monoksaid da ke cikin jini tana komawa daidai. Cikin mako 2 zuwa 12 gudanar jini da aikin huhu suna inganta. Cikin wata 1 zuwa 9 tari da haki suna raguwa. Bayan shekara 1 haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya ya ragu da kusan rabi, bayan shekara 10 haɗarin sankarar huhu ya koma kusan rabin na mai sha, bayan shekara 15 kuwa haɗarin ciwon zuciya ya zama kamar na wanda bai taɓa sha ba.

Shi Richard Doll da muka ambata ya bi diddigin likitocin Ingila maza fiye da 34,000 tun daga 1951 har tsawon shekara 50. Sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna cewa mashaya suna mutuwa kimanin shekara 10 kafin waɗanda ba sa sha, amma wanda ya bari yana ɗan shekara 30 ya tsira daga kusan dukkan wannan hasara, mai 40 ya ribaci kimanin shekara 9, mai 50 shekara 6, mai 60 kuma shekara 3. Mun yi imani cewa ajali na hannun Allah, amma Shi ne kuma Ya sanya sabubba Ya umurce mu da riƙo da su. Dattijon da ke cewa lokaci ya ƙure masa ya dubi wannan lissafi da kyau.

Sai ladan dukiya. Mai shan kara 10 a rana yana ƙona kara 3,650 a shekara, cikin shekara 20 kuwa 73,000. Kowa ya ninka wannan da kuɗin kara ɗaya a unguwarsu, ya ga buhun hatsi nawa ne, ko kuɗin makarantar yara na zango nawa. Tirmizi ya ruwaito cewa ranar Ƙiyama za a tambayi bawa game da rayuwarsa, da iliminsa, da dukiyarsa ta ina ya samo ta kuma ina ya kashe ta, da jikinsa a me ya ƙarar da shi. Taba ta shiga uku daga cikin waɗannan tambayoyi.

Sai ladan iyali da jama'a. Hayaƙin da uba ke busawa a ɗaki yana jawo wa ƙananan yara ciwon huhu da ciwon kunne, yana tayar da asma, yana kuma cutar da mai ciki da abin da ke cikinta. Yaron da ya tashi ana aikensa sayen sigari ya riga ya koyi hanya, ko da yake dokar hana yaɗuwar taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. A masallaci kuwa, in Manzon Allah ya umurci wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa ya nisanci jam'i saboda wari, alhali halal ne su, to, mai barin taba ya hutar da maƙwabcinsa na sahu, ya hutar da mala'iku.

Mafi girman lada shi ne 'yanci. Mutum ya yi tafiyar Hajji ko i'itikafi ba ya lissafin inda zai ɓuya ya sha, ya tashi da asuba abin da ya fara zuwa zuciyarsa salla ce. Allah Ya yi alkawari a Suratul Ankabut aya ta 69 cewa zai shiryar da masu ƙoƙari dominSa zuwa hanyoyinSa, Ya kuma faɗa a Suratuz Zumar aya ta 10 cewa ladan masu haƙuri ba shi da ma'auni.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa da wannan jarrabawa ta sama, auna ka gani: kwana uku masu tsanani da 'yan makonni masu nauyi a gefe guda, sauran rayuwarka da lafiyar iyalinka da yardar Ubangijinka a ɗaya gefen. Ka sa ranarka tun kafin ka ajiye jaridar nan, ka gaya wa mutum guda da ka amince da shi, ka roƙi Allah taimako a cikin sujada.

Allah Ya yaye wa waɗanda ke ciki, Ya tabbatar da dugadugan waɗanda suka bari, Ya tsare zuriyarmu daga fara ta. Allah Ya sa mu dace, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.